Benci cike da mutane, aljihu ba komai: ina matsalar take?

Sabon Dakta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Wata 9 ke nan da na buɗe ɗan asibitin haƙori a nan Kano. Kujera ɗaya ce, ni da nas ɗaya, da yarinyar da ke zama a kanta tana ba da kati, sai ƙanena da na ɗora a kan kuɗi da sayayya. In ban da ranar Juma'a, kullum sai bayan magariba nake rufewa, benci ba ya rabuwa da mutane. Amma wallahi ƙarshen wata in na biya albashi, na sayi man janareta, na ware na haya, abin da ke saura bai kai albashin da nake karɓa lokacin da nake yi wa wani aiki ba. Watan jiya sai da na ranci kuɗi wurin maiɗakina na sayi allurar kashe zafi. A jami'a an koya mana cire haƙori da ciko da aikin jijiya, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda ake riƙe wurin. Me ya kamata mai riƙe asibitin haƙori ya iya? Ko manaja zan ɗauka?

Baba Akawu:
Wa alaikumus salam Dakta. Kafin a yi nisa amsa mini abu uku. Wa ke rubuta rasit? Wa ke karɓar kuɗin? Idan mutum ya ce zai tura ta waya, cikin wane asusu yake turawa?

Sabon Dakta:
Baba, ƙanen nawa ne ke yin biyun farko. Asusu kuwa nawa ne na kaina, wanda nake amfani da shi tun ina ɗalibi. In ina cikin aiki hannuna da safa ba zan iya duba alat ba, sai su tura masa, daga baya ya turo mini.

Baba Akawu:
To, ai ga ta nan. Ban ce yaron nan ya ci maka ko sisi ba, ban san shi ba. Abin da na ce shi ne, ko ya ci ko bai ci ba, kai ba ka da hanyar da za ka sani, shi ma ba shi da hanyar da zai wanke kansa. Na yi shekaru ina duba littattafan ƙananan asibitoci da shagunan magani kafin in ajiye aiki, kuma ko'ina labarin ɗaya ne: kuɗin asibiti da kuɗin cefane suna kwana a tukunya ɗaya. Kai ne za ka tura wa mai kifi daga asusun, ka biya kuɗin makarantar ɗan yayarka daga asusun, sannan ƙarshen wata ka ce asibiti ba ya kawowa.

Ka yi rajistar sunan wurin a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, in ba ka yi ba, ka buɗe asusu da sunan asibitin, na'urar POS ma ta zama a kansa. Ka yanka wa kanka albashi kamar yadda ka yanka wa nas, ko da kaɗan ne, ka daina sa hannu a sauran. Sannan littafi biyu. Na farko yana ɗakinka, duk wanda ya tashi daga kujera ka rubuta lambar katinsa da aikin da ka yi masa. Na biyu yana kanta, abin da aka karɓa da lambar rasit. Da dare kafin a kashe fitila a ajiye su gefe da gefe. Minti goma ne. In littafinka ya ce an cire haƙori 8, na kanta ya ce kuɗin 6 aka karɓa, a nan take za a tuna su wane ne biyun. In ka bari sai ƙarshen wata, ba mai tunawa.

Kuma kana da mai shaida wanda ba ya ƙarya, ƙananan kwalaben allurar nan taku. Kwali guda 50 ne a ciki. Ka san kusan nawa kake kashewa a kan mutum ɗaya. Ka ƙirga fankon da aka zubar ka kwatanta da littafi.

Ɗan Kwari:
Baba, a gafarce ni, amma ina ganin wannan hanyar raba zumunci ce. Ni ba likita ba ne, atamfa nake sayarwa, amma shekara 20 ƙanena ne ke riƙe da makullin shagona kuma ban taɓa bin sa da alƙalami ba. Mutum ya ɗauko ɗan uwansa don ya huta da zargi, yanzu kuma a ce ya riƙa ƙirga masa kwalba? In ya ɗauko bare mai takarda, shi ne zai iya satar da ba za a gane ba.

Baba Akawu:
Alhaji, kai in ka shiga shagonka ka ɗaga kai, idonka zai gaya maka bandir nawa suka ragu. Dakta ba shi da bandir. Abin da yake sayarwa lokaci ne da ƙwarewar hannu, in sun wuce ba sa barin gurbi a kanta. Kuma rubuta mu'amala ba zargi ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Anti Nas:
Ku biyun kuna neman ɓarawo, ni kuwa na san inda kuɗin yake tafiya, domin na zauna a irin wannan wuri fiye da sau ɗaya. Kunya ce ke cinye su. "Dakta ɗan unguwarmu ne." "Wannan surukar limaminmu ce." "Ka yi masa, zan turo da yamma." Yaron da ke kanta ba zai iya kallon dattijon da ya goya shi ya ce biya ba. Bare zai iya, shi ya sa ake cewa a ɗauki bare, ba don ya fi amana ba.

Amma ƙanena Dakta, ni ba maganar kuɗi ce ta tsorata ni a rubutunka ba. Ka ce kujera ɗaya, benci cike. Awartaki nawa gare ka? Hanpis nawa, wato ɗan injin fafe haƙorin nan? Wa ke dafa su, kuma da me?

Sabon Dakta:
Anti, hanpis biyu ne. Awartaki ina da saiti ɗaya cikakke da wasu 'yan ƙari. Ina da ƙaramin otokilef, wato injin dafa kaya da tururi, nas ce ke kula da shi.

Anti Nas:
To yi lissafi da kanka. Otokilef yana buƙatar kayan su zauna cikin tururi mai zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20, ko digiri 134 na minti 3 zuwa 4. Wannan zaman cikin zafin ne kawai. Ka haɗa da wankewa da buroshi tun farko, da lokacin da zai ɗauka ya yi zafi, da bushewa, da hucewa, ka tasar ma awa guda. Nas ɗinka ita ce ke riƙe maka injin zuƙe miyau, ita ce ke haɗa ciko, ita ce ke goge kujera. Yaushe take wannan awa? In mutum goma suka buƙaci hanpis a yini kuma biyu gare ka, ko dai wasu sun jira, ko kuma an goge da auduga da sifirit an miƙo maka kana ta sauri ba ka tambaya ba.

Na faɗi haka ne don na gani da idona. Wani wuri da na yi aiki ina sabuwar fitowa, in rana ta yi zafi mutane suka taru, babbarmu sai ta tsoma awartaki a kwanon ruwan magani, ta ƙirga kamar ashirin a zuci, ta ɗauraye. Ranar da na yi magana aka ce in na gaji da aikin in faɗa. Ban yi wata biyu ba na bar wurin. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, kuma ta fi ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba. Mutum ya zo da ciwon turmi ɗaya, ka sallame shi da ciwon da zai bi shi har kabari, kuma ba zai taɓa sanin a ina ya ɗauka ba.

Duk wanda zai riƙe maka wuri, ko ƙanenka ne ko wani, in bai san wannan ba bai san komai ba. Ya san a sa takardar gwaji mai canja launi a kowane zubi, a rubuta kwanan wata a kan ƙunshi, allurar da aka yi amfani da ita ta tafi kwalin nan mai ruwan ɗorawa ba kwandon shara ba. Ya tabbatar kowa a wurin, har mai shara, ya yi rigakafin ciwon hanta: allura uku, yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Ya kuma san in allura ta soki ma'aikaci ina za a kai shi a ranar, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a awannin farko.

Ɗan Kwari:
Innalillahi. Anti, yanzu ni da nake zuwa wankin haƙori ta yaya zan gane?

Anti Nas:
Alhaji, ka duba ko a gabanka aka yage ƙunshin kayan. In daga faranti a buɗe aka ɗauko, ka tambaya. Wurin kirki ba sa jin haushin tambayar.

Injiniyan Kujera:
Tunda an zo kan otokilef bari in sa baki, ni ne ake kira in abu ya lalace. Dakta, wane ruwa kuke zuba masa? In na rijiyar burtsatse ne ko na leda, ka fara tara kuɗin sabo. Tataccen ruwa marar gishiri, wanda ake ce wa distil, shi kawai yake so, in ba haka ba gishirin ruwan zai toshe masa hanyoyi ya cinye abin zafin. Na biyu, kwampireso, injin da ke matsa iska ya ba kujera. A ƙasan tankinsa akwai ɗan famfo. Iskar da yake matsawa tana tara ruwa a ciki, kuma ana so a buɗe a zubar kullum in an tashi. Yawancin wuraren da nake zuwa ba su ma san da famfon ba. Ruwan nan shi ke tsatsar da tanki, ya bi tiyo ya shiga hanpis, ya fesa a kan haƙorin da kake son ya bushe ka yi farin ciko. Bayan wata uku cikon ya faɗo, mai shi ya dawo, ka sake yi kyauta. Ga wata ƙofar da kuɗinka ke fita.

Hanpis kuma a fesa masa mansa yadda kamfanin ya ce, duk bayan amfani kafin a dafa. Sayen gwangwanin man ya fi sauƙi a kan canza ƙaramin injin da ke cikin kansa. Lokacin hunturu a riƙa duba matatar iska, ƙurar Kano ba wasa ba ce.

Batun wuta: tun Afrilun 2024 da aka mayar da 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit daga wajen 68, sannan ga fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, wuta ta zama ma'aikaci mai albashi a kowane asibiti. Sola da inbata za su riƙe maka fitilu, fanka, kwamfuta da fitilar busar da ciko ba matsala. Otokilef da kwampireso su ne masu ci. Mai hankali yana tara dafuwar kaya ya yi ta lokacin da aka kawo wuta ko lokacin da janareta ke kunne dama, ba a tayar da janareta don awartaki biyu ba. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai kana da kaya isassu, ka ga mun dawo kan maganar Anti.

Sabon Dakta:
Injiniya, gaskiya ban taɓa buɗe famfon nan ba. Ban ma san inda yake ba.

Dakta Babba:
Na karanta duka. Ɗana, sannu da ƙoƙari, duk mun bi ta nan. Shekarata ta farko ni ma haka na yi ta aiki kamar jakin Kano ina mamakin inda kuɗi ke shiga.

Ban goyi bayan ka ɗauki manaja yanzu ba. Kujera ɗaya ba ta ciyar da manaja. Kuma wanda bai san lissafin wurinsa ba, in ya ɗauki manaja ya ɗauki maigida ne. Kai za ka koya tukuna, in ka kai kujera uku sai ka miƙa wa wani abin da ka riga ka sani.

Abin da ban ji kowa ya tambaye ka ba shi ne: ta yaya ka yanka farashinka? Na san amsar. Ka aika wani ya leƙa asibitin da ke bayan layinku, ka rage kaɗan don a zo wurinka. Shi kuma mai wancan wurin gininsa ne, ba ya biyan haya, kujerarsa ta daɗe da mayar da kuɗinta. Ka zauna da takarda. Haya ta wata, albashi har da naka, wuta da mai, ruwa, kwashe shara, sabunta lasisi, da wani abu da za ka riƙa ajiyewa domin ranar da kujera za ta mutu. Ka raba jimlar da awannin da mutum yake zaune a kujerar da gaske a wata, ba awannin da ƙofa take buɗe ba. Abin da ya fito shi ne kuɗin awa ɗaya ta kujerarka kafin ka taɓa ko auduga. Yanzu ka duba aikin jijiya da ke cin zama biyu ko uku, ka ga ko abin da kake karɓa ya biya. Da yawa za ka tarar cire haƙori ne ke ɗauke da su.

Sannan kusan duk abin da muke sa wa mutum a baki daga waje yake zuwa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi kwalin allura ya yi lissafin ribarsa a kan kuɗin da ya saya, ba a kan kuɗin da zai sayi na gaba ba, uwar kuɗinsa yake ci yana murna. Alhaji na Kwari ya fi ni sanin wannan.

Ɗan Kwari:
Wannan kam gaskiya ne ranka ya daɗe. Mu a kasuwa farashin mayarwa muke kallo. Wanda bai yi haka ba a shekarun nan, shagonsa ya koma rabi yana zaune.

Dakta Babba:
Sai takardu, waɗanda ba a tuna su sai ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofa. Lasisinka na hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, na kowace shekara. Rajistar wurin a PHIMA, hukumar jiha mai kula da asibitoci masu zaman kansu, tunda a Kano kake, kuma suna zagayawa, suna rufe wuri. In ka sa injin hoton haƙori, akwai izinin hukumar NNRA mai kula da kayan da ke fitar da haske mai illa. Nas ɗinka ma ka ga lasisinta da idonka ka ajiye kwafi. Ka samu fayil ɗaya, a bangonsa ka rubuta ranar da kowace takarda za ta ƙare.

Katin mara lafiya kuma ba wurin rubuta "an cire" kawai ba ne. Wane haƙori, hawan jininsa nawa kafin ka fara, yana da ciwon suga, yana shan maganin tsinka jini, mace tana da ciki, me ka ba shi, me ka gaya masa. Ya sa hannu ko ya dangwala a takardar amincewa. Ranar da wani zai dawo da 'yan uwansa ya ce ba wannan haƙorin ya nuna ba, katin nan ne kaɗai zai tsaya maka. Kuma ka buɗe akwatin gaggawarka yau ka duba kwanan watan allurar gaggawa ta adirenalin, ka ga ko tukunyar iskar numfashi da abu a ciki. Mutane suna suma a kujera, musamman wanda ya kwana biyu bai ci abinci ba saboda ciwo.

Maman 'Yan Biyu:
Likitoci a yi mini afuwa, ni mara lafiya ce kawai, amma bari in faɗi abin da ke mayar da mu wuri ko ya kore mu. Ba mu san ko hannunka ya ƙware ba sai daga baya. Abin da muke gani ita ce ta kanta. Na taɓa kai ɗaya daga cikin yarana kumatu a kumbure, tun ƙarfe 9 muna zaune, yarinyar tana danna waya ko ɗaga kai ba ta yi, mutum uku da suka zo bayanmu suka shige saboda sun san wani. Da muka shiga aka gama, sai a kanta na ji kuɗin, ya ninka abin da na riƙo. Na tsaya ina kiran maigidana a gaban mutane. Aikin ya yi kyau, amma ban koma ba, kuma duk matar da ta tambaye ni a gidan biki na ce kada ta je.

Inda muke zuwa yanzu, kafin a taɓa ka za a rubuta maka a takarda: ga abin da za a yi, ga kuɗinsa, ga wanda zai iya jira zuwa wata mai zuwa. In likita namiji ne, nas mace ba ta fita daga ɗakin. Washegari kuma sai ka ga kira, "Hajiya ya jikin yaron, jinin ya tsaya?" Kiran bai fi minti ɗaya ba. Na kai musu mutane sun fi goma.

Sabon Dakta:
Hajiya na gode. Maganar faɗin kuɗi tun farko, ni nauyi nake ji. Mutum na riƙe da kumatu yana hawaye, in fara masa da kuɗi?

Anti Nas:
Shi ya sa ba kai za ka faɗa ba. Kai ka duba, ka rubuta abin da za a yi, ka ce a je kanta. Ta kanta ta buɗe takardar farashi wadda kowa ke iya gani, ta yi bayani da sakin fuska. Likitan da ke ciniki da bakinsa kullum shi ake kayarwa, domin ana haɗa shi da Allah da Annabi ya rage. In ciwo ya yi tsanani a kashe masa zafin tukuna, wannan ba a ciniki a kansa.

Mai Wankin Haƙori:
Yallaɓai Dakta Babba, ina neman izini in ɗan saɓa. Kun ce kada ya ƙara mutum, ni kuwa ina ganin akwai wanda in ya ƙara shi zai biya kansa. Ba manaja ba, irinmu. Likita ya ɓata minti 40 yana wankin haƙori alhali mai aikin jijiya na jira a benci, asara ce. Mu an horar da mu a kan wankin haƙori da koya wa mutane kula da baki, muna da hukumarmu da lasisinmu. Ko kujera ta hannu ya samu ya sa a ɗaya ɗakin, mu ɗauke masa wannan, mu kuma riƙa kiran mutane duk wata shida su dawo. Yawancin mutanenmu ba sa zuwa sai haƙori ya ruɓe ya kai ga cirewa, sun sha maganin kemis sun gaji, wasu har sun sa ruwan batir. Wanda ka cire wa haƙori ya tafi ke nan. Wanda ka wanke wa, kana tare da shi da iyalinsa shekaru.

Dakta Babba:
Ba ki saɓa ba 'yata, kin yi gaba ne. Amma kujera ta biyu tana nufin kaya ninki biyu da dafuwa ninki biyu. Ya toshe ramin da ke ƙasa tukuna kafin ya ƙara ruwa a tulun. In ya ga wata uku a jere lissafi ya daidaita, ki zo.

Baba Akawu:
Dakta, kana karɓar 'yan inshora?

Sabon Dakta:
Wani kamfanin inshorar lafiya, HMO, ya zo mini da takarda, ban sa hannu ba tukuna. Na ga kamar zai kawo mutane.

Baba Akawu:
Zai kawo. Tun da aka sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a 2022 inshorar lafiya ta zama wajibi a takarda, kuma masu shiga suna ƙaruwa, ba abin gudu ba ne. Amma ka karanta jadawalin farashinsu layi-layi ka auna da kuɗin awar nan da Dakta Babba ya koya maka. Ka ga kwana nawa suka ce za su biya. Ka ga wane aiki ne sai an nemi lambar izini kafin a yi, domin in ka yi ba lamba, sadaka ka yi. Kuma dole wani ya zauna yana cike takardun neman biya yana bin su. Mai rantar kuɗin allura wurin matarsa ba shi da ƙarfin da zai ba kamfani bashin wata uku. Ka jira.

Haka haƙorin roba da hular haƙori, duk abin da za a kai wa mai haɗawa. Kada ka ɗauki awo sai an ba da kafin alƙalami da zai biya mai haɗawar. Na ga durowa cike da haƙoran da masu su ba su dawo ba, kuma ba ya shiga bakin wani.

Ɗan Kwari:
Haha, wannan ko tela ya sani. Amma Baba har yanzu ina kan bakata game da yaron nan. A gyara tsari, kada a kunyata shi.

Anti Nas:
Wani abu kafin in manta, azumi na tafe. Mutane da yawa ba sa yarda a taɓa musu baki da rana, ko da malamai sun yi bayani, tsoron haɗiye ruwa ko jini suke. Ka shirya benci zai yi sanyi, ka mayar da wasu awanni bayan tarawihi in unguwarku da tsaro, ka ba ma'aikata hutunsu a lokacin, a kira Injiniya ya kwance kujera ya duba. Albashin watan kuwa tun yanzu ake ware shi. Bayan salla za su dawo maka a guje.

Sabon Dakta:
Salam. Na dawo bayan kwana 12, na ga ya kamata in ba ku labari. Na buɗe littafi biyun kamar yadda Baba ya ce. Daren farko aka samu bambancin mutum uku. Ban ce komai ba, na tambayi ƙanena kawai su wane ne. Sai ya shiga durowa ya ɗauko wani littafin makaranta mai shafi 60 da ban taɓa gani ba. Tun watan da muka buɗe yake rubuta duk wanda bai biya ba ko ya biya rabi, da kwanan wata da dalili. Alhaji, ka yi gaskiya, yaron bai ci ba. Anti ma ta yi gaskiya. Kusan rabin sunayen danginmu ne da surukai. Wasu an rubuta "Hajiya ta ce", wato mahaifiyarmu ce ke turo su ta wayarsa don ta san ni zan yi ƙorafi. Abin kunyar, shafi huɗu cur an rubuta "Yaya ya ce a bari", kuma ni ban ma tuna na faɗa ba.

A sito kuma na tarar da sirinjin farin ciko guda biyar da suka wuce lokaci a bayan kwali, muna ta sayen sabo muna ajiyewa a gaba. Na yi odar hanpis biyu da kuɗin da zan canja taya. Asusun asibiti an ce sai mako mai zuwa.

Abin da ya rage mini, kawunmu yana cikin littafin sau shida, kuma jibi zai kawo amaryarsa a sa mata haƙorin Makka.

Baba Akawu:
Ka je wurin Hajiya da kanka yau da dare, da littafin a hannu. Ka ce mata kowane wata ka ware mutum kaza da za a yi wa kyauta, ita za ta zaɓa, in sun cika sai wata na gaba. Za ka ga ta fi ka iya tacewa. Kawu kuwa ka yafe na baya a fili, ka ce zinare ba naka ba ne, na mai haɗawa ne, kuma ba ya fara aiki sai ya ga kuɗi.

Injiniyan Kujera:
Dakta, famfon fa?

Sabon Dakta:
Na same shi Injiniya, sai da na kwanta a ƙasa da tocilan. Abin da ya fito kamar ruwan shayin da ya kwana, ya cika gwangwanin madara biyu har ya zuba mini a hannun riga. Ranar Asabar kana gari? Ina so ka zo ka duba tankin.